Jirgin Tafkin Gona: A Duba Kaurin Bututu Kafin Kyan Kujera

Duk wanda Allah ya hore wa gona mai tafki, ko ya datse ƙorama ya tara ruwa don noman rani da kiwon kifi, ko ya sayi fili ya tarar da tsohon ramin da masu aikin titi suka haƙa ya zama kududdufin da ba ya ƙafewa, ba a daɗewa tunanin jirgi zai zo masa. Akwai abincin kifi da za a kai tsakiyar ruwa, akwai ciyawar da za a kwashe, akwai bakin tiyon injin ban ruwa da ke toshewa nesa da gaɓa, ga kuma iyali da baƙi masu son a zaga da su da yamma. Jirgin da ya fi jan hankalin irin wannan mutum shi ne fantun, wato dandamali shimfiɗaɗɗe da aka ɗora a kan manyan bututai biyu rufaffu masu iska a ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Mutum yana tsayawa a kansa ba ya tangaɗi, tsoho yana hawa ba sai an riƙe shi ba, ana ajiye buhu a ko'ina. A ganina zaɓin nan daidai ne ga mai tafki. Inda ake kuskure shi ne wajen abin da ake dubawa a ranar saye. Mai saye yana ƙirga kujeru, yana auna faɗin dandamali, yana tambayar ƙarfin inji, alhali abin da ya kamata ya yanke masa shawara yana ƙarƙashin ƙafarsa: idan aka ɗora wa jirgin dukan nauyin da za a riƙa ɗora masa, nawa ne na bututun zai rage a saman ruwa? Matuƙar rabinsa bai rage a bushe ba, to jirgin ya yi wa aikin ƙanƙanta, komai kyansa da tsadarsa.

Asalin wannan jirgi na Amurka ne, kuma manomi ne ya fito da shi kasuwa. A farkon shekarun 1950, Ambrose Weeres na garin Richmond a jihar Minesota, jihar da ke da tafkuna fiye da dubu goma, ya jera gangunan ƙarfe ya haɗa su baki da baki sahu biyu, ya shimfiɗa katako a kansu, ya samu abin da iyali za su zauna a kai cikin kwanciyar hankali. A 1952 ya fara ƙera su don sayarwa. A wani ɓangaren kuma, tun bayan fari da guguwar ƙurar da suka ɗaiɗaita gonakin tsakiyar Amurka a shekarun 1930, hukumar kare ƙasar noma da aka kafa a 1935 ta yi ta taimaka wa manoma su haƙa tafkuna a gonakinsu, har yawansu ya kai miliyoyi. Sai dai sana'ar ta yi nisa da inda ta faro. Fantun ɗin da ake tallatawa yau yakan kai tsawon mita bakwai ko takwas, wani da bututai uku, da kujerun fata da injin da ƙarfinsa ya kai na ɗaruruwan dawakai, an yi shi ne don manyan tafkuna inda ake tsere ana jan masu wasan ruwa. Hotunan irin waɗannan su ne ke cika intanet, su ne kuma ke gina wa mai saye a Kano ko Maraɗi tunanin yadda jirgi mai kyau yake. Tafkin gona kuwa bukatarsa ta fi kusa da abin da Weeres ya fara haɗawa, kuma masu ƙera ƙananan fantun na mita biyu da rabi zuwa huɗu har yanzu suna nan suna yi wa manoman can irinsa.

Dalilin da ya sa na ɗora komai a kan rabin bututu lissafi ne mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma duk abin da ke yawo a ruwa yana ɗaukar nauyi ne daidai da nauyin ruwan da ya ture. Bututun da cikinsa ke cin lita 400 ba zai taɓa ɗaukar fiye da kilo 400 ba, har da nauyin kansa. Wannan kowa zai yarda da shi. Abin da ido ba ya kamawa shi ne yadda siffar da'ira take aiki. Daga ƙasan bututu zuwa tsakiyarsa faɗinsa ƙaruwa yake yi, saboda haka duk ƙarin nauyi yana gamuwa da ƙarin turjiya, jirgin yana ƙara ƙarfi yayin da yake nutsawa. Da zarar ruwa ya wuce tsakiya sai al'amarin ya juye: faɗin yana raguwa, kowane kilo da aka ƙara yana nutsar da shi fiye da kilon da ya gabace shi. Idan ruwa ya kai kashi uku cikin huɗu na kaurin bututu, mai kallo zai ga har yanzu akwai sauran wuri, amma kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin ɗaukarsa ya riga ya tafi. Idan ruwa ya rufe shi baki ɗaya kuwa, ba shi da sauran abin bayarwa, ko kilo ɗaya. Kwale-kwale yana gargaɗi tun da wuri, yana karkata yana tangaɗi har mutanen ciki su ji tsoro su zauna. Fantun ba ya wannan gargaɗin. Yana nan daram har zuwa lokacin da ɓangare ɗaya zai nutse, gefen dandamali ya shiga ruwa, ruwa ya hau kansa ya danne shi, kaya da mutane su zame su bi gangaren su ƙara masa nauyi.

A ɗauki ƙaramin jirgi irin wanda mai tafki zai iya sha'awa, mai bututai biyu, kowanne tsawon mita 3 da kaurin santimita 40. Kowane bututu yana ture kimanin lita 377. A ce jirgin da batirinsa da injinsa sun kai kilo 150. Idan mutum uku masu kilo 75 kowanne suka hau, jimilla kilo 375 ke nan, kowane bututu ya nutse daidai rabi. In wani ya kamo babbar tarwaɗa duka ukun suka ruga gefe ɗaya don gani, bututun wannan gefe zai ɗauki kusan kilo 300, ya nutse sosai, amma ya riƙe. To a ƙara mutum biyu su zama biyar. Muddin suna zaune a rarrabe, ruwa zai tsaya a wajen santimita 26, saura santimita 14 a bushe, fiye da faɗin tafin hannu, kuma duk wanda ya leƙa daga gaɓa zai ce lafiya lau. Amma su biyar ɗin in suka taru a gefe ɗaya, ana neman bututu mai iya ɗaukar kilo 377 ya ɗauki kilo 450. Babu iska, babu igiyar ruwa, babu abin da ya fashe, jirgin zai kife. Dandamalin jirgi mai wannan tsawo kuwa yana da filin da mutum biyar ko shida za su tsaya ba tare da matsi ba, kuma a nan haɗarin yake, domin fili ne ke gayyatar mutane, bututu ne ke ɗaukarsu, su biyun kuma ba lallai su yi daidai ba. Da an ƙara kaurin bututun daga santimita 40 zuwa 50 ba tare da an ƙara tsawo ba, da kowanne ya koma lita 589, ƙarin fiye da rabi. Santimita goma a kauri ta fi duk wata kujera da za a saya amfani.

Wanda yake ganin wannan lissafin takarda ne kawai ya dubi abin da ya faru a tashar ruwan birnin Baltimo ranar 6 ga Maris, 2004. Wani fantun na haya mai suna Lady D, ɗauke da fasinja 23 da ma'aikata biyu, ya gamu da iska mai ƙarfi da ta taso farat ɗaya, ya kife, mutum biyar suka rasu. Jirgin bai wuce adadin mutanen da takardarsa ta amince masa ba. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi diddigi, sai ta gano cewa an ƙayyade wannan adadi ne bisa zaton kowane mutum yana da nauyin fam 140, kimanin kilo 64, alhali matsakaicin nauyin waɗanda ke cikin jirgin a ranar ya kai fam 168, kimanin kilo 76. Bambancin kilo goma sha biyu a kan kowane mutum ya taru ya zama kimanin kilo 300 da ba a yi lissafinsu ba. Ta kuma gano cewa an ba jirgin izini ne ta hanyar dogaro da gwajin da aka yi wa wani jirgi da aka ɗauka irinsa ne, alhali sun bambanta. Daga baya, a ƙarshen 2011, hukumar tsaron gaɓar ruwan ƙasar ta ɗaga ma'aunin zuwa fam 185, kusan kilo 84. Abin da mai tafki zai ɗauka a nan shi ne "mutum huɗu" da aka rubuta a talla ba ma'auni ba ne sai an san mutum mai kilo nawa ake nufi, kuma jirgin da aka ce "irin wancan ne" ba a san ƙarfinsa ba sai an gwada shi shi kansa.

Akwai ma wani abu da masu sayo kaya daga waje ba kasafai suke sani ba. Dokar tarayyar Amurka da ta wajabta liƙa farantin da ke nuna iyakar nauyi ta shafi jiragen da ke da gangar jiki guda ne waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba, fantun bai shiga cikinta ba. Kamfanonin kirki suna bin ƙa'idar da majalisar masu ƙera jiragen ruwa ta ƙasar, ABYC, ta tsara musamman don fantun, amma bin ta na ganin dama ne. Idan haka abin yake a ƙasar da sana'ar ta fito, to lambar da wani ɗan kasuwa ya rubuta a shafin talla daga wata ƙasa, ba tare da ya faɗi kaurin bututu da tsawonsa da nauyin jirgin ba, ba abin jingina ba ce. Mai saye ya nemi waɗannan lambobi uku ya yi lissafinsa da kansa. Wanda ya ƙi bayar da su ya riga ya ba da amsa.

Za a ce ai Baltimo bakin teku ce, tafkin gona kuwa ruwa ne kwantacce da ake hango gaɓarsa ta kowane ɓangare. Mutanen Kano sun san cewa kwanciyar ruwa ba ta hana mutuwa. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwalen da ya ɗauko mutane daga Badau zuwa Bagwai a madatsar ruwan Watari ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi, kuma lodin da ya wuce kima ne aka ɗora wa alhakin. Wannan ba fantun ba ne, amma ruwan dam ne, ba kogi mai gudu ba. Sannan wanda ya san farkon damina a ƙasar Hausa ya san yadda hadari ke haɗowa daga gabas, iska ta riga ruwa isowa ta ɗebe rufin kwano cikin 'yan mintuna. Fantun yana zaune ne a saman ruwa, kaɗan ne nasa a ciki, saboda haka iska tana juya shi yadda ta ga dama. Duk shingen da aka lulluɓe da falle, duk rumfar da aka kafa, wuri ne da iska za ta kama ta danna ɓangare ɗaya ƙasa. A ƙasar da rana ke dukan mutum tun hantsi ba zan ce a haƙura da rumfa ba, amma ta zama ta tamfol mai naɗewa da hannu ɗaya, kada ta zama ta kwano da ƙarafa masu nauyi da aka yi wa walda har abada. Shinge kuma ya zama na sanduna da iska ke ratsawa.

Wani kuma zai juya maganar ya ce, tunda haka ne a sayi babba kawai a huta. Akwai gaskiya a ciki, domin babban bututu ya fi ƙarami ɗaukar nauyi, amma girman da ke kawo aminci ba shi ne girman da ake yawan sayarwa ba. Wanda ake bukata shi ne kauri, da tazara mai faɗi tsakanin bututan biyu, da dandamalin da bai zarce bututan ba ta gaba ko ta gefe, don kada mutum ya tsaya a inda babu abin da ke tallafe da shi. Tsawo da kujeru da akwatuna nauyi ne da ke cin wani kaso na abin da bututu zai ɗauka tun kafin kowa ya hau, kuma suna ƙara wa mutane ƙarfin gwiwar cewa akwai sauran wuri. Tafkin ma yana da nasa hukuncin. A yankinmu rana da iskar hunturu suna iya shanye kusan mita biyu na ruwan da ke a buɗe cikin shekara, ban da wanda ake ja don ban ruwa. Inda aka ɗaure jirgi a watan Satumba zai iya zama taɓo a watan Afrilu. Jirgin da mutum biyu ko uku za su iya ja su bi ruwa da shi yayin da yake janyewa zai yi aiki duk shekara, wanda kuwa sai an nemo tarakta ko an tara matasan ƙauye, a cikin laka zai yi bazara, a daidai lokacin da kifi ya matsu a ɗan ruwan da ya rage kuma aka fi bukatar a kai gare shi. Ga tafkin da bai wuce hekta ɗaya ko biyu ba, mita uku zuwa huɗu mai kaurin bututu ya wadatar.

Batun inji ma ruwan ne zai yanke shi. Hekta ɗaya mita ɗari ce a tsawo, mita ɗari a faɗi. Ƙaramin injin lantarki mai aiki da batir na bolt 12, irin wanda kamfanin Minn Kota ya fara yi tun 1934 don masunta, yana tafiyar da ƙaramin fantun da saurin tafiyar ƙafa, ya ƙetare wannan tafki cikin abin da bai kai minti biyu ba. Injin fetur ba shi da inda zai nuna ƙarfinsa a nan, sai dai ya tayar da igiyar ruwa ta riƙa cin gaɓa, abin da mai madatsar ƙasa ya fi kowa tsoro, ya kuma dama lakar ƙasa ya gurɓata ruwan. Tsofaffin injina masu cin fetur haɗe da baƙin mai, waɗanda su ne suka fi araha a kasuwar na hannu, suna zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mansu a ruwa ba tare da ya ƙone ba, dalilin da ya sa aka haramta su a tafkin Tahoe na Amurka tun 1999. Idan babban tafki irin wannan bai jure ba, ina ga ruwan da ba ya fita ko'ina, wanda kifinsa za a kai kasuwa, dabbobi kuma su sha? Gaskiya ne batir yana da tsada kuma yana mutuwa, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda zai kira fetur mai sauƙi, faifan sola guda kuma ya isa ya riƙa cika batirin jirgin da ba ya yin nisa. Sai dai a tuna batir mai ruwa na amfiya 100 yana kaiwa kilo 25 zuwa 30, dole a sa shi a lissafin nauyi, a kuma ɗaure shi a tsakiya. Inda kainuwa da bado da kachala suka yi yawa farfela naɗewa take yi, saboda haka doguwar gora da filafili kada su bar jirgin. A ƙaramin tafki ma su kaɗai sun isa.

Ƙorafin da na fi girmamawa shi ne na wanda zai ce me ya kai mu ga jirgin Bature, alhali kwale-kwale namu ne tun fil azal. Hakika namu ne. Kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, a inda yanzu take jihar Yobe, ya kai kimanin shekara 8,000, yana cikin mafi daɗewa da aka taɓa samu a duniya. Sarkawan Yawuri da Argungu suna tsayawa a bakin kwale-kwale su jefa birgi ba tare da ya motsa ba. Amma wannan gwaninta gado ce da ake koya tun ƙuruciya, mai tafkin gona kuwa galibi ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci ko manomin tudu, yaron da zai riƙa ba kifin abinci ma wataƙila bai taɓa riƙe filafili ba. Ga irin waɗannan, dandamalin da ake tsayawa a kai da ƙafa biyu a ɗaga buhu ya fi dacewa. Wanda yake da Basarke a gonarsa ya sayi kwale-kwale, ya fi araha kuma ya fi sauƙin gyara. Wanda kududdufinsa bai wuce a tsaya a gaɓa a watsa abinci ya kai tsakiya ba, kamar yawancin ramukan kiwon tarwaɗa, ba ya bukatar jirgi ko wane iri. Amma inda ruwan ya yi faɗi, akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba: ma'aikacin da ke aiki daga kan dandamali ya rage shiga ruwan kwance, inda katantanwar da ke yaɗa tsargiya take rayuwa, cutar da Najeriya ke cikin ƙasashen da ta fi addaba.

Ba kuma dole ne a sayo daga waje ba. Abin da manomin Minesota ya yi da ganguna, mai walda a Kano ko Zariya zai iya yin wanda ya fi shi, kuma ƙa'idar rabi ba ta canzawa. Gangar roba shuɗiya mai cin lita 200 a lissafa ta a matsayin kilo 100. Shida sun ba da kilo 600, a cire nauyin ƙarafa da katako, abin da ya rage shi ne na mutane da kaya. Ganguna ma suna da fifiko guda, domin kowacce ɗaki ce mai zaman kanta, in ɗaya ta huje saura suna riƙe. Shi ya sa wanda zai sayi dogon bututu na alminiyam ya tambaya ko an raba cikinsa gida-gida, saboda bututun da yake fayau daga gaba zuwa baya huji ɗaya ya ishe shi, kuma ruwan da ya shiga yana gangarawa duk inda jirgin ya karkata ya ƙara karkatar da shi. A tabbatar da abin da gangar ta taɓa ɗauka, don ragowar maganin feshi zai iya kashe kifin tafki guda. A sani kuma ƙarfe yana tsatsa daga ciki inda ba a gani, roba tana gajiya da rana in ba a inuwantar da ita ba, alminiyam kuma ba ya shiri da tagulla, saboda haka wanda ke zuba maganin gansakuka mai sinadarin tagulla a tafkinsa ya yi la'akari da wannan. Gangar da aka toshe da tsakar rana tana iya lotsewa in ta shiga ruwa mai sanyi, gara a ɗaure murfinta da sassafe.

Ko daga ina jirgin ya fito, kada ɗan Adam ya zama abin gwajinsa na farko. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 in an cika ta kilo 25 ce, uku sun tsaya a madadin babban mutum. A ja layi da jan fenti a daidai tsakiyar kowane bututu, gaba da baya. A kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a ɗaure shi da igiya sako-sako, a riƙa ɗora jarkoki a rarrabe har ruwa ya taɓa jan layin. Adadin da aka ɗora shi ne iyakarsa. Sannan a tura jarkokin duka gefe ɗaya, a ga ko saman bututun yana nan a waje. A sake tura su kusurwa ɗaya ta gaba, domin nan ne mutane ke taruwa lokacin sauka, nan ne kuma ƙaramin fantun ya fi saurin dulmiya hancinsa. In ruwa ya rufe bututu a ɗaya daga cikin waɗannan, a rage jarkoki a maimaita. Lambar da ta tsira a raba ta da uku, a rubuta ta da manyan haruffa a inda mai hawa zai gani. Aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi kyau a yi shi a gaban mai ƙerawa kafin a cika masa kuɗinsa.

Saura mai cewa tafkinsa ne, jirginsa ne, ba ruwan kowa. Gaskiya ne jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ba za su zo gonar mutum su ƙirga masu hawa ba, amma wannan yana nufin aikin nasu ya dawo wuyansa ne. Waɗanda za su hau ba shi kaɗai ba ne: ma'aikacinsa ne da ba zai iya ce masa a'a ba, baƙi ne ranar Sallah da ake jin nauyin a ce wa na shida ya jira, yaran maƙwabta ne da za su lallaɓo da rana tsaka. Alƙaluman da hukumar tsaron gaɓar ruwan Amurka ke fitarwa duk shekara kusan iri ɗaya suke nunawa: kimanin uku cikin huɗu na masu mutuwa a haɗarin jiragen shaƙatawa nutsewa suke yi, fiye da takwas cikin goma na waɗannan ba su sanye da rigar kariya, kuma yawancinsu a ƙananan jirage ne. An ce iya ruwa fid da kai, amma babbar riga da zane da hijabi in sun jiƙe suna ɗaure gwani, gaɓar tafkin da aka haƙa da inji kuma tsaye take ga santsi, ƙasanta laka ce mai riƙe ƙafa. Kuɗin rigar kariya ta kowane mai hawa, har da masu girman yara, da sarƙa da kwaɗon da za a kulle jirgin, suna cikin kuɗin jirgi. Wanda aljihunsa bai kai duka ba ya rage wani abu daga kujeru da rumfa.

Jan layin nan kuma ba na ranar gwaji kaɗai ba ne. Bututu yana iya shan ruwa a hankali ta wajen walda ko murfi, lita arba'in da ta shiga ta cinye rabin nauyin mutum ba tare da an lura ba. A farkon kowace damina da ƙarshenta a dubi jirgin babu kowa a kansa, a ga ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nutsewa, a jijjiga shi a saurari motsin ruwa a ciki. In an ji, a fito da shi tudu a tsiyaye, a hura iska kaɗan, a shafa ruwan sabulu a kan walda a nemo inda yake kumfa. In an ƙara masa wani abu, ko da akwatin ajiyar abincin kifi ne ko batir na biyu, a dawo da jarkoki a sake gwaji, a goge tsohuwar lamba a rubuta sabuwa.